Gandun Rake da Sauro: Dalilin da Annoba Ta Samu Gindin Zama a Gonakin Bayi

Akwai wani lissafi mai ɗaure kai. A tsawon zamanin cinikin bayi ta Tekun Atlantika, an sauke 'yan Afirka kimanin miliyan ɗaya a tsibirin Jamaika. An sake sayar da wani kaso zuwa ƙasashen da Sifaniya ke mulka, amma mafi yawansu nan suka zauna. Da Ingila ta soke bauta a 1834, aka ƙirga bayin da ke hannu don a biya diyya (iyayengijin aka biya, ba bayin ba), sai aka tarar da mutum 311,000 da 'yan kai. A can arewa kuwa, ƙasar da ta zama Amurka, waɗanda aka kawo kai tsaye daga Afirka ba su cika 400,000 ba, amma a ƙidayar 1860 bayinta sun doshi miliyan 4. Bulalar ɗaya ce, sarƙar ɗaya ce. To ina mutanen Jamaika suka shiga?

Ƙasa ce ta rufe su, kuma galibinsu cuta ce ta kai su: atuni, agana, zazzaɓi, tari, tsutsar ciki. Likitocin Turawa na lokacin suna da amsarsu a shirye. Wai mugun tururi ne ke tasowa daga fadama da ruɓaɓɓen ganye a ƙasashe masu zafi, wanda ya shaƙa ya kwanta. Kalmar maleriya ma daga nan ta fito, a Italiyanci ma'anarta "mummunar iska". Sai dai zafin nan yana nan tun kafin Turawa su zo, fadamun ma haka. Kolombos ya isa Karebiyan a 1492, aka yi shekara ɗari da hamsin ana shiga ana fita ba a rubuta wata annobar zazzaɓin shawara a tsibiran ba. Sai 1647 ta ɓarke a Barbados, daidai shekarun da tsibirin ya bar taba da auduga ya koma noman rake. Ruwa ba ya tsami banza.

Abin yana farawa tun kafin a ga teku. Mutumin da aka kama a yaƙi ko hari can cikin ƙasa, sai ya yi makonni ko watanni ana kora shi a ƙafa, a tsare shi a kurkukun gaɓa a Elmina ko Wida ko Bonny ko Luwanda, a cuɗa shi da mutanen da suka fito daga wurare masu nisan gaske da juna. Kowa ya zo da cutar garinsu wadda jikinsa ya saba da ita, ya tarar da ta garin wani wadda bai taɓa gamuwa da ita ba. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce gare mu. Bayan yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadin 1804, an gangara da Hausawa masu yawa ta ƙasar Yarabawa zuwa Legas da Wida, aka haye da su Bahiya a Birazil, inda suka shirya tawaye a 1807 da 1814. Wani bawan Allah, Muhammadu Gardo Baƙuwaƙuwa, mutumin Zugu a Jamhuriyar Benin ta yau wanda mahaifiyarsa Bakatsiniya ce, an kai shi Pernambuco wajen 1845, ya kuma rayu har ya ba da labari. Ya ce abincinsu a jirgi dafaffiyar masara ce, ruwan sha kuma wajen rabin lita a yini.

Jirgin nan na Ingila mai suna Brookes, wanda aka zana cikinsa aka baza hoton a 1788, doka ta ba shi izinin ɗaukar mutum 454, bayan a baya ya taɓa ɗaukar 609. Wurin kwanciyar namiji ƙafa 6 ne a tsawo, inci 16 a faɗi, wato wajen taƙi biyu. Maza a ɗaure suke biyu-biyu. Akwai 'yan bokitai na bayan gida, amma mai atuni da ke ɗaure da ƙafar wani, cikin duhu, jirgi na tangaɗi, yaushe zai kai ga bokiti? Nan inda yake zai yi, kuma a nan ake cin abinci da hannu daga akushi ɗaya. Mutum guda ya shigo da atuni, kafin mako biyu ya game jirgi. Daga cikin mutum miliyan 12.5 da aka loda, kimanin miliyan 10.7 ne suka sauka da rai. Sauran, wajen miliyan 1.8, teku aka jefa su.

Amma akwai wani fasinja da ba a rubuta sunansa a takardar kaya ba. Jirgin da zai yi wata biyu a ruwa da ɗaruruwan mutane dole ya tara gangunan ruwa na katako jibgi guda a ƙasansa. Sauron da ke yaɗa shawara, wanda masana ke kira Aedes aegypti, ɗan asalin Afirka ne, kuma halinsa daban yake da na sauron maleriya. Ba ruwansa da fadama. Ruwan gida yake so, mai ɗan tsabta, a cikin mazubi. Duk wanda ya taɓa ɗaga murfin randar da aka manta da ita a lungu ya ga 'yan tsutsotsi suna wutsil-wutsil a saman ruwa, to ya ga irin gidan da ake nufi. Macen tana manna ƙwanta a jikin mazubin, dab da saman ruwa, kuma ƙwan yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba, ranar da ruwa ya taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Da rana take cizo, jinin mutum ta fi so, ba ta kuma yin nisa da inda aka haife ta. Da fikafikanta ba za ta taɓa ƙetare teku ba. A ganga ta ƙetare, ƙwayar cutar kuma tana yawo tsakaninta da matuƙan jirgi har a kai gaci.

Da ta sauka, sai ta tarar kamar don ita aka shirya wurin. A nan ne nake ganin ya kamata a tsaya a duba da kyau, don a nan asirin yake.

Barbados ƙaramin tsibiri ne, murabba'in kilomita 430 kacal. Ingilishi sun zauna a 1627, a shekarun 1640 suka koyi sarrafa rake daga masu zuwa daga Birazil. Rake yana cin fili, dafa ruwansa kuma yana cin itace dare da rana. Cikin shekara ashirin da 'yan kai dajin tsibirin ya kusa ƙarewa. Tsuntsayen da ke cin ƙwari suka ragu. Tsibirin kuma ba shi da wasu koguna na kirki, don haka ruwan sama ake tara wa mutane da dabbobi a ganguna da tankuna da kududdufai, a bakin kowane gida da kowace bukka.

Sai kuma tukwane. Wanda ya taɓa ganin yadda ake dafa mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi ya san ana dafa ruwan rake har ya yi kauri a zuba a mazubi ya daskare. Su kuwa can, farin sukari suke nema, saboda haka sai a zuba dafaffen ruwan a wasu tukwanen ƙasa masu tsinin gindi da huda, a ɗora kowace kan wata tukunyar, baƙin maɗi ya yi ta tsiyaya makonni. Babban gandu yana da irin waɗannan ɗaruruwa, wani wurin dubbai. Da rani ake yankan rake, daga Janairu zuwa wajen Mayu. Da an gama sai a jibge tukwanen a bayan masana'anta, masu kyau da fasassu, damina kuma ta sauka. Kowane kasko ya kama ɗan ruwa, a jikinsa kuma ga sauran zaƙi da ke ciyar da ƙananan halittun da tsutsar sauro ke ci. Shi babban sauron ma yana shan ruwan rake ya ƙara kwana. Ga ruwa, ga abinci, ga jinin mutane ɗari biyu ko uku a cunkushe a rinji ɗaya. Annobar 1647 ta kashe mutum kimanin 6,000 a Barbados, ta bi jiragen ruwa ta isa Yukatan ta ƙasar Meziko a 1648, ta shiga Habana ta ƙasar Kyuba a 1649. Mutanen Sifaniya suka sa mata suna "baƙin amai", saboda jinin da mara lafiya ke amayarwa kafin ya cika.

Duk da haka, sauro kaɗai bai isa ya riƙe annoba shekara ɗari biyu ba. Shawara irin cutar nan ce da ba ta kama mutum sau biyu, kamar agana da ƙyanda. Wanda ya yi ya tashi ya gama da ita har abada. Saboda haka a garin da mutane ke zaune kaka da kakanni, annoba takan zo ta yi ɓarna ta wuce, don sauro zai yi ta cizon waɗanda suka riga suka warke, ƙwayar ta rasa wurin zama. Wutar daji ce, in ta cinye ciyawa sai ta mutu. Shi gandun rake bai taɓa barin ciyawar ta ƙare ba. Kowace shekara ga sababbin bayi, ga sojoji daga Turai, ga matuƙa, ga samarin Ingila da Sikotland da Faransa da suka zo neman arziki a aikin akawu da sa ido. Kowane jirgi yana sauke ɗanyun jikuna, yana kuma iya sauke sabuwar agana ko ƙyanda. Su kansu masu gandayen sun san shekaru ukun farko na sabon bawa su ne masu haɗari, har suna da sunan da suke kiran lokacin, wai na sabawa da ƙasa. Masana tarihi sun kiyasta daga ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na sababbin zuwa ba sa tsallake shi.

Me ya sa ba a gyara ba? Don littafin akawu bai nuna akwai matsala ba. Muddin sukari na da tsada a Landan da Bordo, jirage kuma na zuwa, sayen baligi mai ƙarfi ya fi arha a kan rainon jariri shekara goma sha biyu kafin ya fara amfani. Mace mai ciki a wurinsu hannu guda ne da ya rage aiki. Sai da aka fara yunƙurin hana cinikin, wanda Ingila ta haramta a 1807, aka ga masu gandaye sun fara ba wa mai jego 'yar kyauta da sassauci. Ba tausayi ne ya sauko musu ba, kasuwa ce ke shirin rufewa.

Yunwa ita ce ta buɗe wa kowace cuta ƙofa. Fili mai kyau na rake ne, abinci kuwa sai a shigo da shi: masara, da bandar kifi mai gishiri daga Newfoundland, shi ma mafi ƙarancin daraja wanda kasuwar Turai ta ƙi. A Jamaika ana yankar wa bayi 'yar gayauna a kan tudu, su noma doya da ayaba ranar Lahadi. Akwai watannin da abinci ke yankewa tsakanin ƙarshen yankan rake da nunar amfanin gayauna, irin tsakiyar daminar nan da rumbu ke yin ƙasa kafin sabon gero ya iso. Da yaƙin neman 'yancin Amurka ya tsinke hanyar jiragen abinci, guguwa kuma ta yi ta bugun tsibirin daga 1780, majalisar Jamaika da kanta, wadda masu bayi ne a cikinta, ta kiyasta bayi 15,000 sun mutu da yunwa da cututtukan da ta jawo zuwa 1787. Ƙyandar da ƙosasshen yaro zai yi ya tashi, ita ce ke kashe mai tamowa.

Ga kuma aikin. Rake in an sare shi ba ya jira, kwana ɗaya ko biyu ya fara tsami, don haka a lokacin yanka injin matsa da tukwanen dahuwa ba sa tsayawa. Mutum ya yini a gona ya kwana a bakin wuta. In ba lokacin yanka ba ne, ana haƙa ramukan shuka a jere ƙarƙashin bulala, ana dakon kashin shanu a kwando a ka, yana tsiyaya a fuska. Ba takalmi. Ba masai, sai bayan bukka ko cikin rake, ruwan sama ya wanke ya kai kududdufin da mutane da shanu ke sha. Akwai wata tsutsa da ke ƙyanƙyashewa a ƙasar da aka yi bayan gida, ta huda fatar ƙafa ta shige, ta je hanji ta yi ta zuƙar jini. Mai ita sai ya ɗashe, ya kumbura, ya riƙa kwaɗayin cin ƙasa. Iyayengiji suka ɗauki cin ƙasar a matsayin mugun hali ko neman kashe kai. A Birazil har takunkumin gwangwani ake ƙulle wa mutum a fuska, da kwaɗo a ƙeya.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na jarirai. Ƙwayar tetanas a ƙasa take zama, musamman inda kashin dabbobi ya yi yawa, gandun rake kuwa cike yake da shanu da alfadarai masu juya inji. A yanke cibiya da wuƙar da aka samu, a ɗaure da tsumma, a kwantar da jariri a ƙasan bukka. Bayan 'yan kwanaki sai ya ƙi kama nono, muƙamuƙinsa ya sandare, jikinsa ya riƙa sanƙarewa. A Birazil sunan abin "ciwon kwana bakwai". Ranar da mu muke yanka ragon suna kenan. Wanda ya tsallake wannan, uwarsa za ta koma gona cikin 'yan makonni, a bar shi hannun tsofaffi ana ɗura masa kunu da ruwan kududdufi, gudawa ta karɓe shi.

In ana son hujjar cewa amfanin gonar da tsarin aikinsa ne ke kisa, ba sararin samaniya ba, a duba cikin Amurka ita kanta. A gonakin taba na Bajiniya da na auduga, haihuwa ta rinjayi mutuwa duk da azabar da ake sha. Amma a yankin rake na Luwiziyana, labarin ya koma irin na Jamaika: mutuwa ta fi haihuwa, sai an yi ta cike gurbi daga kasuwar bayi ta Niyu Olins. Haka gonakin shinkafa na gaɓar Karolina ta Kudu da Jojiya. A can bayi ne suka sare dazuzzukan fadama, suka ɗaga gaɓa, suka yi ƙofofin ruwa, da yawansu ma an nemo su ne daga Senegambiya da Saliyo saboda sun san shinkafa. Ruwan da ake kwantarwa a gona duk bazara shi ne gidan sauron maleriya. Mai gona bai san sauro ne ba, amma ya san kalanda. Da Mayu ya kama zai kwashe iyalinsa zuwa Charleston ko kan tsaunuka, ba zai dawo ba sai sanyin farko ya sauka wajen Nuwamba. Waɗanda suka rage tsaye cikin ruwa har ƙwauri, su ba su da inda za su.

Nan ne wata rabin gaskiya ta zama bala'i. Gaskiya ne mutanen Afirka ta Yamma da yawa sun fi Turawa jure waɗannan zazzaɓi biyu. Wanda ya yi shawara yana yaro a garinsu, yawanci da sauƙi take zuwa wa yara, ya zo da kariyarsa. Mafi yawan mutanen yankin jininsu ba shi da wata 'yar ƙofa da nau'in maleriya mai suna vivax ke bi ta shiga. Sannan ga ɗigon sikila: mai AS yana da kariya daga mummunar maleriya, shi ya sa har yau kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya ke ɗauke da shi, mu ke kuma biyan farashinsa a jikin 'ya'yanmu masu SS. Turawa suka ga nasu na zubewa, baƙi na tsaye, sai suka mai da abin hujja: wai an halicci baƙar fata ne don aikin rana da fadama. Kariyar da mutum ya gada da wadda ya saya da jinyar ƙuruciya ita ta ƙara masa farashi a kasuwa. Alhali kariyar ba cikakkiya ba ce, ba kuma kowa ke da ita ba. A 1793 da shawara ta shiga birnin Filadalfiya na Amurka ta kashe kusan mutum 5,000 cikin 50,000, likita Benjamin Rush ya roƙi baƙaƙen garin su yi jinya da binne gawa bisa zaton ba ta kama su. Richard Allen da Absalom Jones, shugabannin baƙaƙen garin, suka jagoranci aikin. Ta kama su, Allen kansa ya kwanta, baƙaƙe sama da ɗari biyu suka rasu. Ciwon huhu da tarin fuka da tarin shiƙa kuwa sun fi yi wa bayi ɓarna, kwalara ma da ta iso haka. A Habana ta kashe kimanin mutum 8,000 a 1833, ta fantsama gandayen rake, inda mai shan ruwa mafi ƙazanta shi ya fi mutuwa.

Maganin likitan gandu kuwa, gara babu: a tsaga jijiya a zubar da jinin wanda tsutsa ta riga ta zuƙe, a ba mai gudawa maganin zaiba ya ƙara gudawa. Ɗakin jinyar ma a wurare da yawa kurkuku ne mai turu, don kada wani ya fake da ciwo ya huta. Abin ban takaici, ilimin da ya yi amfani a lokacin daga wurin bayin ya fito. Wani bawa da aka sa wa suna Onesimus a Boston ya gaya wa ubangidansa Cotton Mather cewa a ƙasarsu ana tsaga fata a sa ɗan ruwan ƙurjin agana, mutum ya yi mai sauƙi ya tsira. Da aka gwada a annobar 1721, cikin waɗanda aka yi wa tsagar wajen biyu cikin ɗari ne suka mutu, waɗanda ta kama haka kawai kuwa wajen goma sha huɗu cikin ɗari. Shekara 75 kenan kafin rigakafin agana na likitan Ingila Edward Jenner.

Sau ɗaya dai reshe ya juye da mujiya. Saint-Domingue, Haiti ta yau, ita ce ta fi kowace mallakar Faransa kawo kuɗi, da bayi kusan rabin miliyan lokacin da suka tashi a 1791. A farkon 1802 surukin Napoleon, Janar Leclerc, ya iso da runduna don ya murƙushe su. Jagororin tawayen, Toussaint Louverture da Dessalines, sun san ƙasarsu, sun san abin da damina ke yi wa baƙo, suka ja yaƙin suna ƙona garuruwa har ruwa ya sauka. Sojojin Faransa, ɗanyun jikuna daga Turai, suka mutu dubun-dubata, Leclerc kansa shawara ta kashe shi a Nuwamban shekarar. Ba sauro ne ya ci yaƙin ba, mutane ne suka ci shi da jininsu, amma sauron da aka kawo a ganga ya tsaya a ɓangarensu. Ranar 1 ga Janairun 1804 Haiti ta ayyana 'yancinta.

Sai a 1881 wani likita ɗan Kyuba, Carlos Finlay, ya tsaya a Habana ya ce sauro ne ke ɗaukar shawara daga mutum zuwa mutum. A lokacin akwai sauran bayi a gandayen raken Kyuba, don sai 1886 aka soke bauta a can, Birazil kuma 1888. Aka yi shekaru ba a ɗauki maganarsa da muhimmanci ba, har ayarin likitan sojan Amurka Walter Reed ya tabbatar da ita a 1900. A 1901 wani likitan sojan Amurka, William Gorgas, ya baza ma'aikata gida-gida a Habana: a rufe ganga da murfi ko raga, a kife tukwane da gwangwanaye, a zuba mai a ruwan da ba za a iya zubarwa ba, a ci tarar gidan da aka samu tsutsar sauro. Kafin shekarar ta fita, shawarar da ta fara shiga birnin tun 1649 ta ɗauke.